Fashin Baƙi: Yadda Amurka ta shekara uku tana ƙulla wa Castro tuggu a ɓoye

Da sanyin safiyar Asabar, 15 ga Afrilun 1961, wani jirgin yaƙi ƙirar B-26 ya sauka a filin jirgin saman Miami da ke jihar Florida. Jikinsa na ɗauke da tambarin sojin saman Kyuba, murfin injinsa kuwa duk hudojin harsashi. Matuƙin ya sauko ya ce shi hafsan Fidel Castro ne, shi da wasu abokansa ne suka yi bore, suka yi wa filayen jiragen ƙasarsu ruwan bama-bamai, shi kuma ya tsero da ransa. Kafin rana ta faɗi, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Adlai Stevenson, ya ɗaga hoton jirgin a gaban wakilan ƙasashe yana cewa ga shaida, babu hannun ƙasarsa a harin.

Matuƙin, Mario Zúñiga, ba daga Kyuba ya taso ba. Daga Nikaraguwa ya taso, kuma hukumar leƙen asiri ta CIA ce ta shafa wa jirgin fenti. Hudojin ma a ƙasa aka yi su: an cire murfin injin, aka harbe shi, aka mayar. 'Yan jaridar da suka zagaya jirgin ba su daɗe ba suka lura cewa hancinsa na ƙarfe ne, alhali irin waɗanda Kyuba take da su hancinsu na roba ne mai kama da gilashi. Shi kuwa Stevenson, ba wanda ya gaya masa gaskiya kafin a tura shi. Mutanensa ne suka sa shi ya yi ƙarya a gaban duniya ba tare da ya sani ba.

Wannan safiya ta tattare duk abin da ya kamata a fahimta game da ayyukan ɓoye da Amurka ta shirya wa maƙwabciyarta a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka. Gwamnatin ta so abu biyu a lokaci guda: ta kifar da Castro, kuma kada a ga hannunta. Hausawa na cewa ba a haɗa gudu da susar katara. Kowane shiri da aka zana tsakanin 1960 da 1963 a kan wannan gaɓar ya karye, domin aikin ya fi ƙarfin a ɓoye shi, ɓoyon kuma ya hana a sa masa ƙarfin da zai ci nasara.

Tsakanin Kyuba da bakin Florida bai wuce kilomita 145 ba. Lokacin da shugaban Kyuba Fulgencio Batista ya tsere ranar 1 ga Janairun 1959 ya bar wa dakarun Castro ƙasar, kamfanonin Amurka ne ke riƙe da manyan gonakin rake, da wutar lantarki, da tarho, da mafi yawan matatun mai na tsibirin, gidajen caca na Havana kuma suna hannun 'yan Mafiya, wato gungun manyan masu aikata laifuka na Amurka. A watan Mayun shekarar Castro ya kafa dokar rabon filaye, wadda ta taɓa aljihun waɗannan kamfanoni kai tsaye. Daga nan abin ya koma ramuwar gayya. A Fabrairun 1960 mataimakin firaministan Tarayyar Soviet, Anastas Mikoyan, ya je Havana aka ƙulla cinikin sukari. Da ɗanyen man Soviet ya iso, matatun Esso da Texaco da Shell suka ƙi tace shi, Castro ya ƙwace su. Shugaba Eisenhower ya zaftare kason sukarin da Amurka ke saya, Castro ya ƙwace sauran kadarorin. Ranar 3 ga Janairun 1961 hulɗar jakadanci ta yanke.

Sai dai tun kafin a kai ga wannan, an riga an yanke hukunci a ɗaki. Ranar 17 ga Maris 1960 Eisenhower ya amince da wata takardar CIA mai ɗauke da shirin aikin ɓoye a kan gwamnatin Castro. Za a haɗa kan 'yan adawa da ke gudun hijira, a buɗe gidan rediyon farfaganda, a shuka 'yan leƙen asiri a cikin tsibirin, sannan a horar da mayaƙa a wata ƙasa. Sharaɗin da ke kan komai shi ne kada a gane Amurka ce. Wannan sharaɗi ba sabo ba ne. Tun 1948 majalisar tsaron ƙasar ta shimfiɗa ƙa'idar cewa duk aikin ɓoye a tsara shi yadda in asiri ya tonu gwamnati za ta iya musantawa kuma a yarda da ita. Ma'anar wannan a aikace ita ce ba a rubuta umarni ɓaro-ɓaro, ana magana da habaici, na ƙasa su fassara nufin na sama yadda suka fahimta. Shi ya sa har gobe masana tarihi ke jayayya a kan ko Eisenhower ko magajinsa Kennedy sun taɓa furta a kashe Castro da bakinsu. Tsarin da gangan aka gina shi don kada a iya amsa wannan tambayar.

Shugaban CIA Allen Dulles da mataimakinsa mai kula da ayyukan ɓoye, Richard Bissell, suna da abin da ke ba su ƙwarin gwiwa. A 1953 hukumar ta taimaka an kifar da firaminista Mohammad Mossadegh a Iran. A 1954 sun kori Jacobo Árbenz daga mulkin Gwatamala da 'yan ɗaruruwan mayaƙa, da wasu tsofaffin jirage, da gidan rediyo mai baza labarin cewa gagarumar runduna na tafe. Sojojin Árbenz suka tsorata suka juya masa baya. Wannan girkin aka so a maimaita a Kyuba. Abin da ba a lissafa ba shi ne wani matashin likita ɗan Ajantina, Ernesto Guevara, wanda daga baya ya zama na hannun daman Castro, yana cikin Gwatamala lokacin da abin ya faru, ya ga komai da idonsa. Darasin da shi da Castro suka ɗauka shi ne kada a bar tsohuwar runduna a tsaye. Suka rushe sojojin Batista, suka kafa nasu, suka raba wa dubban farar hula bindigogi a matsayin dakarun sa-kai.

Gefe guda kuma, a ƙarshen 1960, jami'an CIA suka bi ta hannun wani tsohon jami'in FBI, Robert Maheu, suka tuntuɓi manyan 'yan Mafiya, wato Johnny Roselli da Sam Giancana da Santo Trafficante, aka sa ladan dala 150,000 ga duk wanda ya kawar da Castro. Dabarar ita ce in an kama, a ce masu gidajen caca ne ke huce haushin asarar da suka yi. Aka ba su ƙwayoyin guba da za a jefa a abinci ko abin sha. Ba a kai ga jefawa ba.

Mayaƙan kuwa an tara su a wata gonar kofi kusa da Retalhuleu a Gwatamala, aka sa musu suna Birged 2506. Ya kamata a yi musu adalci a nan. Da yawansu ba 'yan kanzagin Batista ba ne, akwai ɗalibai da ma'aikata da ma waɗanda suka goyi bayan juyin juya halin da farko, har suka ga ana harbe mutane bayan shari'ar gaggawa, ana rufe jaridu, zaɓen da aka yi alkawari kuma ya bi ruwa. Kokensu na gaskiya ne. Amma sansanin mutum sama da dubu ba ya ɓoyuwa. A unguwannin 'yan Kyuba na Miami kowa ya san inda ake ɗaukar sababbin mayaƙa, kuma ranar 10 ga Janairun 1961 jaridar New York Times ta buga labarin horon a shafinta na farko. Castro ya san ana zuwa. Rana da wuri kaɗai suka rage masa.

John Kennedy ya gaji shirin kwanaki kaɗan bayan haka, kuma a nan ne susar katarar ta fara cin gudun. Tsarin farko shi ne a sauka kusa da garin Trinidad, inda akwai tashar ruwa, kuma duwatsun Escambray na kusa, in abu ya ɓaci mayaƙan su haye su zama 'yan tawayen sunƙuru. Kennedy ya ce wannan ya cika hayaniya, kowa zai gane aikin Amurka ne, a nemo wuri mai shiru a sauka da dare. Cikin 'yan kwanaki aka zaɓi Bahía de Cochinos, wato Mashigin Aladu. Wurin fadama ce ta kewaye shi, hanyoyin shiga 'yan kaɗan ne, duwatsun da za a gudu kuma suna can nesa da fiye da kilomita 100. Bugu da ƙari, yanki ne da Castro ya sani kamar yunwar cikinsa, yakan je kamun kifi, kuma gwamnatinsa ta shimfiɗa wa matalautan masu yin gawayi na wurin tituna. Babu inda ya fi nan wahalar samun wanda zai yi masa bore. An kuma rage jiragen harin farko zuwa takwas, don adadin ya yi kama da abin da 'yan tawaye za su iya. Da ƙaryar Miami ta fashe, Kennedy ya soke hari na biyu.

Ranar 17 ga Afrilu mutum kusan 1,400 suka sauka. Abin da masu nazarin hotunan sama suka ɗauka ciyawar teku ce ashe duwatsun murjani ne, suka farfasa ƙananan jiragen sauka. Da gari ya waye, 'yan jiragen Castro da suka tsira daga harin Asabar suka afka wa jiragen ruwa biyu, Houston da Río Escondido, na biyun ɗauke da harsasai da mai da kayan sadarwa. Boren da ake jira bai tashi ba, domin 'yan sanda sun riga sun kwashe dubban waɗanda ake zargi. Kafin yammacin 19 ga wata komai ya ƙare. An kashe 'yan birged sama da 100, an kama kusan 1,200, ɓangaren Kyuba ma ya rasa sama da mutum 150 bisa nasa lissafin, ga matuƙa huɗu 'yan Amurka daga jihar Alabama da gwamnati ta shekara da shekaru ba ta amsa cewa nata ba ne. Sai a Disambar 1962 aka fanso fursunonin da abinci da magunguna na dala miliyan 53.

Rubuce-rubucen da Dulles ya bari sun nuna wani abu mai tayar da hankali. Masu shirin sun yi shiru a kan raunin da sauye-sauyen suka jawo ne domin sun yi imani cewa in mayaƙan suka shiga tsaka mai wuya, shugaban ba zai iya zura ido ba, dole ya tura sojojin Amurka. Shi kuma Kennedy ya riga ya faɗa a bainar jama'a ranar 12 ga Afrilu cewa ba zai tura ba. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan zai sauko.

Mai hankali zai zaci a nan za a tsaya. Dulles da Bissell sun rasa kujerunsu, amma shirin sai ma ya ƙara girma. Ranar 30 ga Nuwambar 1961 Kennedy ya ba da izinin sabon aiki da aka raɗa wa suna Mongoose, wato tunku. Aka ɗora Janar Edward Lansdale, wanda ya yi suna wajen murƙushe 'yan tawaye a Filifin, ƙanin shugaban kuma, ministan shari'a Robert Kennedy, shi ne mai bulala a bayansa. A Janairun 1962 Robert ɗin ya shaida wa jami'ai cewa babu abin da ya fi wannan muhimmanci a gwamnati, kada a yi tsimin kuɗi ko lokaci ko mutane. A wani yanki na harabar Jami'ar Miami aka buɗe ofishin CIA mai suna JMWAVE a bayan allon wani kamfanin boge, Zenith Technical Enterprises, da ɗaruruwan jami'ai, da dubban 'yan Kyuba masu karɓar albashi, da ayarin jiragen ruwa masu gudu. Lansdale ya rarraba ayyuka 33, ya kuma zana jadawali mai matakai shida wanda zai kai ga boren gama-gari da kafa sabuwar gwamnati a Oktoban 1962, kamar mai tsara ranar biki. Su kuwa masu nazari na CIA ɗin kanta suna ta rubuta cewa Castro ya riƙe ƙasar gam, babu alamar bore. Aka ci gaba da ƙona gonakin rake, da kai hari kan masana'antu, da yunƙurin lalata ma'adinin tagulla na Matahambre.

A cikin ƙa'idojin Mongoose da aka rubuta a Maris 1962 akwai jimla ɗaya da ta fallasa gaskiyar lamarin: za a yi amfani da 'yan ƙasar iyakar iyawa, amma nasarar ƙarshe sai da shigar sojojin Amurka. To, da wace hujja za a shiga? Kyuba ba ta kai wa Amurka hari ba. Amsar wannan tambaya ita ce takarda mafi muni a duk tarihin.

Ranar 13 ga Maris 1962, shugaban majalisar manyan hafsoshin Amurka, Janar Lyman Lemnitzer, ya sa hannu a kan wata takarda zuwa ga sakataren tsaro Robert McNamara. Ita ce aka sani da Northwoods. Ba ta ɓoye manufarta ba: ƙirƙiro abubuwan da za su halatta mamaye Kyuba. Daga cikin shawarwarin, a sa wa 'yan Kyuba masu biyayya kakin sojan Castro su kai harin ƙarya kan sansanin Amurka na mashigin Guantánamo da ke gaɓar Kyuba. A tarwatsa jirgin ruwan Amurka a mashigin, a ɗora wa Kyuba, a buga jerin sunayen mamata a jaridu, a yi jana'izar ƙarya. Su da kansu suka kawo misalin jirgin Maine, wanda fashewarsa a tashar Havana a 1898, da mutuwar ma'aikatansa sama da 260, ta tunzura Amurkawa shiga yaƙi da Sifaniya. Akwai shawarar tayar da bama-bamai a Miami da wasu garuruwan Florida har da Washington da sunan 'yan gurguzun Kyuba. Akwai ta nutsar da kwalekwalen 'yan gudun hijira a hanyarsu ta zuwa Florida, kuma takardar ta ce ko da gaske ko na kwaikwayo. Wannan ɗan zaɓin ya daɗe yana damuna, domin mutanen da ke cikin kwalekwalen su ne waɗanda ake cewa za a ceto.

Wadda aka fi zurfafa tsarawa ita ce ta jirgin fasinja. Za a sami jirage biyu, a yi wa ɗaya fenti da lamba irin na ɗayan sak a sansanin Eglin da ke Florida. Fasinjoji masu sunayen boge, a ce ɗaliban jami'a ne za su hutu, su hau ɗaya a idon jama'a. A sararin sama kudu da Florida jiragen su haɗu. Mai ɗauke da mutanen ya yi ƙasa-ƙasa ya lallaɓa ya koma sansani, ɗayan kuma, wanda babu kowa a cikinsa, ana sarrafa shi daga nesa, ya ci gaba da tafiya har saman Kyuba. A can ya aika kiran neman agaji cewa jiragen yaƙin Kyuba ƙirar MiG sun far masa, sannan a tarwatsa shi da siginar rediyo. An ma yi tunanin cewa tashoshin sauraron jiragen sama na ƙasashen yankin ne za su ji kiran, don labarin ya fito daga bakin wasu.

Ba a aiwatar da Northwoods ba, kuma dole a faɗi wannan a sarari. Kwana uku bayan takardar, Kennedy ya gaya wa Lemnitzer cewa ba maganar amfani da sojojin Amurka ake yi ba, kuma kafin shekara ta ƙare aka sauya shi, ya koma kwamandan NATO a Turai. Amma ka duba wa aka shirya yaudara. Castro zai san bai harbo kowane jirgi ba, Moscow ma za ta sani. Waɗanda ake so su yarda da ƙaryar su ne iyaye a Amurka da za a nemi su ba da 'ya'yansu, da 'yan majalisa, da ƙasashen da za su kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya. A ganina nan ne asalin haɗarin aikin ɓoye yake. Da sunan abokin gaba ake fara shi, amma wanda ake rufe wa ido a ƙarshe mai gida ne.

Daga Havana da Moscow kuwa, ba a ganin takardun da aka ƙi amincewa da su. Abin da ake gani shi ne an dakatar da Kyuba daga ƙungiyar ƙasashen nahiyar Amurka a Janairun 1962, an ƙaƙaba mata cikakken takunkumi a Fabrairu, ana kai hare-hare daga teku, ana kuma manyan atisayen soja a yankin Karibiyan. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka shirya yi a Oktoba, na kifar da wani shugaban ƙage ne mai suna Ortsac, wato Castro in an karanta daga baya. A watan Mayu shugaban Tarayyar Soviet Nikita Khrushchev ya yanke shawarar kai makamai masu linzami na nukiliya tsibirin, da sojoji kusan 42,000. Yana da wasu dalilan, domin Amurka ta fi shi yawan makamai nesa ba kusa ba, ga kuma nata masu suna Jupiter a Turkiyya. Amma tsoron mamaya ne ya sa Castro ya buɗe ƙofa. McNamara da kansa ya amsa a wani taro a Moscow a 1989 cewa da shi ɗan Kyuba ne, da ya ɗauka mamaya na tafe. Garin neman gira aka kusa rasa ido: watan Oktoban da Lansdale ya sa wa ranar faɗuwar Castro shi ne watan da jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hoton makaman, ranar 14 ga wata, duniya ta yi kwana 13 a bakin yaƙin nukiliya. Don a janye su, Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye Kyuba ba, ya kuma yarda a asirce zai kwashe na Turkiyya. A tsakiyar rikicin ma, William Harvey, jami'in CIA mai kula da ɓangaren hukumar a Mongoose, ya tura ayarin mutanensa zuwa tsibirin, abin da ya sa aka ɗauke shi aka tura shi birnin Rum.

Yawancin wannan ba a san shi ba sai da allura ta tono garma. Cikin waɗanda aka kama suna fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate a 1972 akwai 'yan Kyuba tsofaffin ma'aikatan CIA na Miami, wanda ya tsara musu aikin kuma, Howard Hunt, yana cikin masu shirin Mashigin Aladu. Binciken da ya biyo baya ya kai ga kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church, wanda a 1975 ya tabbatar da aƙalla makirci takwas na kashe Castro tsakanin 1960 da 1965: tabar da aka shafa wa guba, rigar nutso mai ɗauke da ƙwayar cuta, katantanwar teku mai bam a ciki, ban da wani shirin na hodar da za ta zubar masa da gemu don a zubar masa da ƙima. A 1976 Shugaba Gerald Ford ya haramta wa jami'an gwamnati kisan siyasa. Takardar Northwoods kuwa sai a 1997 ta fito.

An rufe Mongoose bayan rikicin makaman, amma hannu biyu na gwamnati sun ci gaba da aiki, kowane da inda ya nufa. A ƙarshen 1963 Kennedy ya fara laluben hanyar magana da Castro, har ya gana da wani ɗan jaridar Faransa, Jean Daniel, wanda ke shirin zuwa Havana, ya gaya masa abubuwan da yake so su isa kunnen Castro. A daidai wannan lokaci CIA na zawarcin wani babban jami'in Kyuba, Rolando Cubela, wanda ya nuna zai iya kawar da shugabansa. Ranar 22 ga Nuwambar 1963, a wani gida a Paris, jami'in hukumar ya fito da biro ya nuna wa Cubela. A cikinsa an ɓoye allura siririya wadda wanda aka soka da ita ba zai ji ba, aka kuma ba shi shawarar ya cika ta da wani maganin ƙwari mai suna Black Leaf 40. Suna tashi daga ganawar aka shaida musu an harbi Kennedy a Dallas. A wannan sa'ar Jean Daniel yana cin abincin rana da Castro a Varadero, suna cikin tattauna saƙon da ya kawo, sai wayar tarho ta yi ƙara.